Gahawar Mambilla: a bar gonakin a hannun masu su

A wani zama da muka yi bayan ɗaurin aure kwanan baya, hira ta gangaro kan noma, sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo zancen gahawar Mambilla. A ganinsa maganar ba ta da tsawo. Manoman can sun gaza, bishiyoyinsu sun tsufa, abin da suke kawowa kasuwa ba shi da kyau. Don haka gwamnati ta yanki fili mai faɗi a kan tsaunin ta miƙa wa babban kamfani, ya zo da kuɗinsa da injunansa, mutanen gari su samu aikin lebura. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Ana jin irinsa duk sa'ad da aka taso da batun farfaɗo da wani amfanin gona a ƙasar nan.

Ban yarda da shi ba. Idan gahawar Mambilla tana da makoma, makomar tana hannun ƙananan manoman nan masu 'yan ɗaruruwan bishiyoyi a bayan gida. Abu biyu suka rasa: wurin da za a sarrafa 'ya'yan a ranar da aka tsinke su, da mai saye wanda zai biya mai kyau da kuɗin mai kyau. Duk kuɗin da aka kashe a wani wuri kafin a samar da waɗannan biyun, ni a wurina asara ce.

Yadda aka zo nan

Tsaunin Mambilla yana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru. Gembu da Nguroje da Kusuku da Dorofi duk suna zaune a tudun da ya kai kusan mita 1,500 ko fiye daga matakin teku, ga sanyi ga ruwan sama mai yawa. Shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara, shi ya sa kuma gahawa nau'in Arabika, wadda ba ta jure zafi, take yi a can. Cibiyar binciken koko ta ƙasa, mai hedikwata a Ibadan, wadda gahawa da shayi ke cikin aikinta, tana da reshe a Kusuku.

A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ba na yi musu kuka, sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da abin da ya cancanta. Amma da suka tafi, tantance kaya daraja-daraja ya tafi tare da su, ba a kuma kafa wani abu a gurbinsu ba. A 1989 tsarin ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ya ruguje, farashi ya faɗi a duniya. A 2001 ya sake faɗuwa har nauyin fam ɗaya, wato kusan rabin kilo, bai kai santi 50 na dalar Amurka ba.

To manomi ya yi lissafinsa. Dillali yana zuwa da farashi ɗaya, ko ka kawo nunannu ko ka kawo ɗanyu, ko ka shanya a kan tabarma ko ka zuba a ƙasa kaji suna bi ta kai. Don me mutum zai yi ta komawa bishiya ɗaya yana zaɓen jajaye kaɗai, alhali wanda ya sharɓe reshen gaba ɗaya a rana guda zai karɓi kuɗi daidai da nasa? Wanda ya kira wannan gazawa bai yi adalci ba. Manomin ya fahimci kasuwar da aka ba shi, ya kuma ba ta abin da take biya.

Ina kyan gahawa yake fitowa?

Akwai kasuwar gahawa iri biyu. Ta farko ita ce ta buhu, inda ake cakuɗa ta kowa da kowa, farashinta kuma a Niyok da Landan ake yanke shi. A nan ba mu da abin cewa. Brazil kaɗai tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya, a wurare da yawa ma da inji ake girbe ta. Biyetnam tana biye da ita da nau'in Robusta, wanda da shi ake yin yawancin garin nan da mai shayi ke kaɗawa. Mambilla ba za ta taɓa yin gasa da su a yawa ko a arha ba.

Ta biyu ita ce ta zaɓaɓɓiyar gahawa. A nan ƙwararrun masu ɗanɗano ne ke gasa samfur, su haɗa, su kurɓa, su ba shi maki cikin 100. Abin da ya kai 80 ya shiga sahu. Mai saye yana so ya san sunan ƙauyen da ta fito, da tsayin wurin, da yadda aka sarrafa ta, yana kuma biyan fiye da farashin kasuwar buhu don wannan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasar gona da sanyi rabin aikin kawai suke yi. Sauran rabin yana cikin awannin da ke biyo bayan tsinka. 'Ya'yan gahawa ba sa nuna lokaci ɗaya, a reshe guda za ka ga kore da ɗorawa da ja. Ja kaɗai ake so. A ranar da aka tsinke su ake zuba su a ruwa a kwashe waɗanda suka taso, a ɓare ɓawon da ɗan inji, a bar ƙwayar ta kwana don yauƙin jikinta ya saki, a wanke, sannan a baza a kan gadaje masu raga da iska ke bi ta ƙarƙashinsu. Ana juyawa, ana tsince masu tabo da hannu, ana rufewa idan rana ta yi tsanani ko hadari ya taso, har danshin ya sauka zuwa kashi 10 ko 12 cikin ɗari. Akwai kuma masu shanya 'ya'yan da ɓawonsu ba tare da wanki ba, kamar yadda ake yi a sassa da yawa na Habasha, wannan ma a kan gadaje ne da kulawa iri ɗaya. Idan 'ya'yan suka kwana a buhun leda suka fara tsami, ko ƙwayar ta sha danshin ƙasa ta yi fumfuna, shi ke nan, babu gwanin da zai dawo da ita.

Kuma kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya ne ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya. Wannan aiki ne na ido da yatsu da haƙuri, a kan gangaren da tarakta ba ta hawa. Wa ya fi iya shi, leburan da ake biya da awo yana sauri ya cika kwando, ko matar da ta san kowace bishiya a bayan ɗakinta ta kuma san kuɗin zai shigo gidanta?

"Ai ƙaramin manomi ba zai iya ba"

Ya iya a wasu wurare, kuma ba a nesa ba. Gahawar Yirgachefe da ta Sidama a Habasha, waɗanda ake kiran sunansu a shagunan Turai da Amurka da Japan, yawancinsu daga 'yan gonakin bayan gida suke fitowa.

Misalin da ya fi kama hankalina shi ne na Ruwanda. Bayan kisan ƙare dangi na 1994 gahawar ƙasar ta buhu ce mai arha, manoma da yawa sun yi watsi da ita. A gundumar Maraba da ke kudu, manoma suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Abahuzamugambi a 1999. Da taimakon jami'ar ƙasar da wani shiri da Amurka ta ɗauki nauyi, aka gina musu wurin wanke gahawa a farkon shekarun 2000, suka fara sayarwa kai tsaye ga masu gasawa a Amurka da Ingila. Ba a ƙwace gonar kowa ba. Bishiyoyin da aka ce ba su da amfani su ne dai suka ba da gahawar da aka yi ta yabo. Daga baya wuraren wanki suka haura 200 a faɗin ƙasar, a 2008 kuma Ruwanda ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka gudanar da gasar Cup of Excellence, wato gasar zaɓen gahawa mafi kyau, a cikinta.

Ban ce manomin Ruwanda ya yi arziki ba, har yanzu yana fama, har yanzu kason da ke isa hannunsa daga kuɗin kofi ɗaya a Landan ƙanƙane ne. Amma gonarsa tana hannunsa, kuma sunan tudunsa yana kan leda.

Wannan batu na suna ba ƙaramin abu ba ne, mu ma mun taɓa ɗanɗana rashinsa. Shekaru aru-aru fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman Kano suka jeme, tana ƙetare Sahara tana isa Turai, a can kuma ana kiranta fatar Maroko. Aikin namu ne, sunan na wanda ya tsaya a bakin teku ne. Haka gahawar da aka juye a buhun dillali take, da ta bar tsaunin ta zama ta kowa. Habasha ta gane haka, shi ya sa ta ja da Starbucks, kamfanin Amurka mai shagunan shan gahawa, kan mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgachefe har suka sasanta a 2007.

"Ƙungiyoyinmu ba sa ɗorewa"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, ba zan kuma yi kamar ban san ta ba. Kowa ya ga ƙungiyar da aka kafa don an ji labarin tallafi, shugaba da sakatare da ma'aji duk 'yan gida ɗaya, aka karɓi injin, aka ɗauki hoto, bayan damina biyu injin yana zauren shugaba ya yi tsatsa. Ko a Kenya, inda gahawa ta yi suna ƙwarai kuma ƙungiyoyi suka daɗe, manoma sun sha kokawa kan jinkirin biya da yanke-yanken da ba su san dalilinsu ba, har wasu suka tumɓuke bishiyoyinsu.

Amma idan aka duba, inda ƙungiya ke mutuwa sananne ne, a wajen kuɗi ne. Manomi ya kawo kaya yau a ce masa ya jira wata shida. A cikin wata shidan nan yaro zai yi rashin lafiya, makaranta za ta kori wani, ga mai ba-da-kaka a ƙofar gida da kuɗi a hannu. Dole ya sayar masa, ko da rabin farashi ne, ba kuwa don ba ya kishin ƙungiya ba.

Saboda haka wurin wankin da ba shi da jarin biya nan take, gara kada a gina shi. A auna a gaban mai kaya, a sikelin da kowa ke ganin allurarsa. A rubuta farashin ranar a allo a bakin ƙofa. A biya a ranar, a ba da takarda. Idan an sayar da kayan a waje aka samu riba, a dawo a yi biya na biyu gwargwadon kilon da kowa ya kawo, a karanta lissafin a bainar jama'a da Fulatanci da Mambilanci da Hausa, yadda tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta ji da kunnenta. Biyan nan na biyu shi ke sa mutum ya yarda cewa zaɓen jajaye yana da lada.

Kuma a biya wanda ya kawo kayan. A wuraren noman gahawa da yawa mata ne ke tsinka da tsincewa, maza su karɓi kuɗi. Matar da ta san wahalarta ba za ta dawo hannunta ba, me zai sa ta ɓata yini tana zaɓe?

Ban damu ba ko wurin wankin na ƙungiya ne ko na ɗan kasuwa mai zaman kansa. A nan ne ma nake ganin masu kuɗi suna da gurbi. Wanda ke da jari ya gina wurin wanki, ya kafa gadajen shanya, ya ɗauki mai ɗanɗano, ya nemo masu saye, ya ci ribarsa halal. Abin da nake ƙi shi ne ya karɓe ƙasar. Gara ma a samu wuraren wanki biyu ko uku a yanki ɗaya suna gasa, don manomi ya samu inda zai juya idan ɗaya ya so ya danne shi.

"Gahawa ba abinci ba ce"

Gaskiya ne, kuma ba zan taɓa ba wa manomi shawarar ya cire masararsa ya dasa gahawa ba. Sabon dashe sai ya yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara ba da wani abin kirki. A watan Fabrairun 2025 farashin Arabika ya haura dala 4 a kan fam ɗaya a Niyok, abin da ba a taɓa gani ba, sakamakon fari da ƙarancin kaya a manyan ƙasashen da ke nomanta. Masu jin wannan labari su ce a dasa ko'ina su tuna da 2001. Bishiyar da aka dasa yau za ta ga hawa da sauka da yawa kafin ta tsufa.

Sa'ar da aka yi ita ce Arabika tana son inuwa. Ana haɗa ta da ayaba da fiya da wake da gwaza a fili ɗaya, a ajiye amyar zuma a gefe. Inuwar tana sa 'ya'yan su nuna a hankali, abin da ke ƙara musu daɗi, ganyen da ke zuba yana rufe ƙasa, saiwoyi suna riƙe gangare kada ruwa ya zaizaye shi. Shekarar da farashi ya faɗi gidan ba zai kwana da yunwa ba. Gonar kamfani mai layi-layi a buɗaɗɗiyar rana ta fi ba da yawa a shekarun farko, amma da takin zamani da feshi take rayuwa.

Ga kuma ɗumamar yanayi. Wani binciken masana na lambun binciken tsirrai na Kew a Ingila da abokan aikinsu na Habasha, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa kashi 39 zuwa 59 cikin ɗari na wuraren noman gahawa a Habasha za su iya daina dacewa da ita kafin ƙarshen wannan ƙarni idan ba a ɗauki mataki ba. Mambilla ba ta kai tsayin Yirgachefe ba. Inuwa a can larura ce.

Inuwar ma ba kowace iri ba. Duk wanda ya hau tsaunin ya ga yadda bishiyar turare ta cika ko'ina. Ban ga laifin masu dasa ta ba, tana girma da sauri, katako da itacen girki kuma kuɗi ne a hannu. Amma tana shan ruwa ƙwarai, abin da ke ƙarƙashinta kuma ba ya sakewa. Muddin turare ta fi gahawa kawo kuɗi, wa'azi ba zai hana a dasa ta ba, sai farashi. Haka kuma ruwan da aka wanke gahawa da shi yana da tsami, yana kashe abin da ke cikin rafi idan aka sake shi kai tsaye. Kogin Donga daga wannan tsauni yake tasowa, mutane da dabbobi suna sha. Ramin tace ruwa da wurin mayar da ɓawo taki su zama sharaɗi tun kafin a ba wa kowa izinin gini. Sauran dazuzzukan asali irin na Ngel Nyaki kuwa, kada gatari ya kusance su da sunan gahawa.

Ƙasa

Ba a maganar Mambilla a tsallake wannan. Rikicin fili tsakanin manoma da makiyaya ya daɗe a can, a 2017 ya ci rayuka da dukiya mai yawa. Bishiya mai shekara talatin a ƙasa tamkar shaida ce ta mallaka, kowa ya san haka. A irin wannan wuri, yanka dubban kadada a ba baƙo zuba fetur ne a wuta. Ko faɗaɗa gonakin ƙananan manoma sai an yi hattara. Shi ya sa nake cewa a fara da bishiyoyin da ke tsaye: a datse tsofaffi su sake toho, a cike gurbin waɗanda suka mutu da irin da reshen Kusuku ya tabbatar yana jure cutar tsatsar ganye. Kuma gonar gahawa tana buƙatar kashin shanu kowace shekara, makiyayi yana da shi. Ciniki ba ya warkar da gaba shi kaɗai, amma maƙwabcin da kake saye a hannunsa ba daidai yake da wanda ba abin da ya haɗa ku ba.

Wa zai saya?

Hanya ita ce ta farko. Daga Gembu sai an gangaro ta Serti da Bali kafin a kama hanyar Jalingo ko ta kudu, daga nan tashar jirgin ruwa tana da nisa ƙwarai. Wannan ma hujja ce a gare ni: kayan da za su ɗauki kuɗin wannan tafiya dole su zama masu tsada a kilo.

Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ta hana shigar da gahawa da koko da wasu kayayyaki idan an noma su a filin da aka sare daji bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage fara aiki da ita, amma masu saye sun riga sun fara neman a nuna musu inda kowace gona take a taswira. Gonar da ba ta wuce hekta huɗu ba, ɗigo ɗaya na wurin da take ya wadatar, aikin da matashi mai waya zai iya yi. Dillalin da ke cakuɗa buhuna ba zai iya ba da wannan bayani ba. Wurin wankin da ke da rajistar manomansa zai iya.

Sai dai ba dukkan girbi ne zai kai maki 80 ba, ko a Habasha ba ya kaiwa. Ƙungiyar da ba ta da inda za ta kai mai bi masa a daraja za ta karye, domin ta riga ta biya kuɗinsa. Habasha tana shan kusan rabin abin da take nomawa, wannan kasuwa ta gida ita ke tallafe manominta idan ta waje ta yi sanyi. Mu kuwa mai shayi a kowace kusurwa garin gwangwani yake kaɗawa, shagunan zamani na Abuja da Legas da yawa daga waje suke sayo ƙwayar da suke gasawa. Masu dafa gahawa da citta da kanumfari a Kano da Maiduguri, da 'yan uwanmu na Chadi da Sudan da suka saba da ita tun tuni, duk masu saye ne, kuma ba sa neman takardar Turai. Ƙaramin injin gasawa a Gembu ko Jalingo, da leda mai ɗauke da sunan ƙauye da ranar da aka gasa, ya isa a fara kai musu.